Malaman lissafi na sakandare: zama tare ne ke kawo "za mu iya", ko kuwa "za mu iya" ce ke kawo zama tare?

Mai_Alli:
Assalamu alaikum malamai. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a kai, yau dai na ce bari in kawo shi nan. A makarantu biyu na koyar da lissafi. A ta farko mu huɗu ne, kowa da takardunsa masu kyau, har da mai mastas, amma in ka shiga staf rum abu ɗaya za ka ji: yaran nan ba sa ja, tun daga firamare aka kashe su, ba yadda za mu yi. Kowa ya shiga ajinsa ya fito, ban taɓa ganin lesin not ɗin wani ba, wani bai taɓa ganin nawa ba. A ta biyu mu uku ne kacal, ɗaya ma NCE gare shi, yaran kuma iri ɗaya ne da na can, 'ya'yan talakawa, aji cike maƙil. Amma duk ranar Laraba bayan an tashi muna zama kamar minti 40 mu duba abin da za a koyar mako mai zuwa, kuma maganar da ake yi a wurin daban ce, sai ka ji ana cewa bana SS2 ɗin nan sai mun fitar da su. Tambayata ita ce, zaman ne ya sa muka yarda za mu iya, ko dama mutane ne masu ƙwarin gwiwa Allah ya haɗa shi ya sa suke iya zama? Don yanzu an ba ni HOD a wata makarantar, ina so in san ta inda zan faro.

SinCosTan:
Wa alaikumus salam. Malam ai ka ba kanka amsa. Zaman ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu_Sadik:
Ni fa ban yarda ba. Mu ma muna da mitin na sashe duk farkon zango da ƙarshensa, har da rubuta minit a littafi, shekara shida ke nan ba abin da ya canja. A zo a raba azuzuwa, a yi faɗa a kan wa zai ɗauki SS3, a tara kuɗin sunan matar wane, a tashi. In zama ne ke gyara, da tuni mun gyaru.

Mai_Alli:
@Abu_Sadik wannan ai mitin ne, ba shi nake nufi ba. Namu na Laraba ba minit ba ajanda, alli kawai da allo.

Tsohon_HOD:
Mai_Alli barka da ƙarin nauyi, Allah ya taya ka riƙo. Na yi shekara 31 ina wannan aiki kafin in ajiye, bari in faɗa maka abin da ba a so a faɗa. Babban abin da ke hana malaman lissafi zama tare ba rashin lokaci ba ne, kunya ce. Kusan kowannenmu akwai tofik ɗin da yake tsoro. Wani lonjitud da latitud ne, wani tiyoram na da'ira, wani zanen kwamfas, wani furobabiliti. To me muke yi? Sai mu tura shi ƙarshen zango, mun san sarai ba za a kai ba, sai a ce lokaci ne ya ƙure. Ni kaina na yi shekaru ina tsallake lonjitud da latitud, ina ce wa yara ai zaɓi ne a takarda ta biyu ta WAEC, tambaya 8 ake ba ku a kashi na biyu ku ɗauki 5, ku bar ta kawai. Gaskiyar magana ni ne ban fahimce shi ba, fomula na haddace. Wanda ya warware min wani yaro ne ɗan bautar ƙasa da aka kawo mana, sa'an ƙanena na uku. Ya zo da lemo ya yanka shi gida biyu a kwance, ya sake yanka wani can sama kusa da kai, ya ce Baba ka ga wannan da'irar ta fi wancan ƙanƙanta, shi ya sa ake ninka R, wato radiyos ɗin duniya, da kos na latitud. Wallahi a tsaye na gane abin da na kasa ganewa shekara goma sha. Amma kafin in kai ga tambayarsa sai da na yi sati biyu ina kokawa da girman kai. Saboda haka in za ka fara, kai HOD ka fara cewa ga abin da ban iya ba, wa zai nuna min. In ba ka yi haka ba kowa zai zo ya zauna ya naɗe hannu yana gyaɗa kai.

Bazazzagiya:
Baba Allah ya ƙara lafiya, wannan magana ta taɓa ni. Ni biyarin (auna kusurwa daga arewa) ne dodona, har yau sai na zana arewa a kowane ɗigo kafin hankalina ya kwanta.

SinCosTan:
Malama ai haka ake so a yi, ba laifi ba ne. In na B daga A 060° ne, na A daga B 240°, ƙara 180 kawai, amma yaro in bai zana ba zai rubuta 120 ya miƙe abinsa.

Dalibin_Mastas:
Dama a kan wannan nake rubuta furojet ɗina, bari in ɗan saka baki. Abin da Mai_Alli ya kira "za mu iya" masana sun daɗe suna auna shi. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam na jami'ar Stanford, shi ya fara da yardar mutum da iyawarsa a 1977, daga baya a 1993 ya nuna cewa malaman makaranta a dunƙule ma suna da irin wannan yardar, kuma tana da alaƙa da sakamakon yara. Bambancin shi ne ba a tambayarka "kai za ka iya?", ana tambayarka "malaman makarantar nan za su iya koyar da yaron da ya fi kowa wahala?". A 2000 Goddard da Hoy da Woolfolk Hoy suka gwada a makarantun firamare 47 na wani birni a Amurka, suka ga makarantun da malamansu suka fi wannan yardar yaransu sun fi cin lissafi da karatu, ko bayan an cire tasirin talaucin gida. Sannan John Hattie ya zo ya ɗora shi a saman jerin abubuwan da ke tasiri a karatu da maki 1.57 a ma'aunin girman tasiri, alhali matsakaicin da yake aunawa da shi 0.40 ne. Bandura ya ce daga wuri huɗu yardar ke zuwa: ka yi abu ka ga ya yiwu, ka ga wani irinka ya yi, a ƙarfafa ka da baki, da kuma yanayin da zuciyarka take ciki. Na farkon ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba.

Abu_Sadik:
Amurka kuma firamare. Mu muna maganar sakandare da yara 90 a aji, wasu a kan taga.

Lakcara_FCE:
@Dalibin_Mastas ka yi ƙoƙari, amma ka yi hattara da 1.57 ɗin nan kafin ka kai wa sufabaizanka. Lambar ta fito ne daga aikin digirin digirgir na Rachel Eells na 2011, ita kuma ta tattara bincike 26 ne waɗanda suka auna alaƙa kawai. Wato an ga inda yarda take da yawa sakamako na da kyau. Ba wanda ya ɗauki makarantu ya ƙara musu yarda da gangan sannan ya ga sakamako ya tashi da wannan adadin. Kuma kowa ya sani in makarantarku ta saba cin WAEC dole malamai su riƙa jin kansu. To wanne ya haifi wanne? Wannan ita ce ainihin tambayar Mai_Alli, kuma lambar ba ta amsa ta. Abin da ya fi kusa da amsa shi ne wani aikin da Goddard ɗin da abokansa suka fitar a 2015, inda suka nuna shugabancin makaranta mai kula da koyarwa yana tafiya da haɗin kan malamai, haɗin kan yana tafiya da yardar, yardar kuma da sakamako. Shi ma firamare ne. Binciken TALIS na ƙungiyar OECD ya fi kusa da mu don malaman ƙaramar sakandare yake tambaya, shi ma ya nuna masu yawan aiki tare sun fi yarda da kansu, amma nan ma abin da malamai suka faɗa da bakinsu ne.

Dalibin_Mastas:
Na gode ranka ya daɗe, wlh ban san daga Eells ta fito ba, a silaid ɗin wata bita na gani. Zan gyara.

Kofa_Batch_B:
Ni tambayata ita ce da wa zan yi haɗin gwiwar? Injiniyarin na karanta, aka turo ni ƙauye, ni kaɗai ne malamin lissafi daga JS1 har SS3, ga fiziks an ɗora min a kai. Firiyod 30 da wani abu a sati. Wanda ya fi kusa da ni a fanni malamin aikin gona ne. In na kira mitin na sashe ni ne shugaba ni ne sakatare hhh

Bazazzagiya:
Ƙanena sannu, Allah ya ba da lada. Ka nemi malaman makarantun da ke kusa da ku, ko ranar kasuwa ce ku haɗu. Mu haka muka yi, mu bakwai daga makarantu biyar, muna da guruf a WhatsApp, in tambaya ta gagari mutum sai ya ɗauki hoto ya turo. Doka ɗaya muka sa: ba gaisuwar Juma'a, ba siyasa, ba tallan atamfa. Wanda ya karya sau biyu a cire shi.

Abu_Sadik:
Wannan dokar ko a nan ma da an sa ta.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar abin yana cikin tsari tun da daɗewa, a kwalej da lise muna da abin da ake kira UP, wato zaman malaman fanni guda, mushen (malaman) lissafi duka na lakwal (makaranta) guda ko na lakwal biyu uku da ke kusa su haɗu, su tsara ci gaban darasi na shekara, su fidda jarrabawa guda wadda duk 'yan aji guda za su yi. 'Yan firamare su kuma irin nasu zaman CAPED ake ce masa. A takarda abin gwanin kyau. A aikace ya danganta da wanda ke jagora. Na zauna UP da in an zo sai a sa hannu a watse, na kuma zauna wadda muka yi wata biyu muna gardama kan yadda za a shigo da tiyoram na Tales a turwaziyam, ajin ƙarshe na kwalej, kafin jarrabawar BEPC. Ta biyun ce ta sa na daina jin tsoron sufeto ya shigo ajina, don abin da zai gani mu shida muka gina shi, in ya kushe ba ni kaɗai ya kushe ba. Amma fa mafi yawanmu 'yan kwantaragi ne, in kuɗin wata ya yi jinkiri ba wanda za ka ce wa ya sha mai ya zo UP ranar da ba shi da aji.

Mai_Alli:
@Dan_Maradi jarrabawa guda ɗin nan ta ja hankalina. Ba ta jawo gaba? Don in ajin wane ya ci na wane ya faɗi ai an tona asiri.

Dan_Maradi:
Tana jawowa mana. Akwai wanda ya daina gaishe ni zango guda. Dabarar da muka yi daga baya, ba ma duba jimillar maki aji da aji, tambaya tambaya muke dubawa. Sai ka ga wanda ajinsa ya zo na ƙarshe a jimilla shi ne yaransa suka fi kowa cin tambaya ta 4, sai a ce to mushe zo ka nuna mana yadda ka yi ta. Kowa na samun ranarsa.

Uwar_Hanan:
Ni ba malama ba ce, uwa ce, mijina ne ya sa ni a guruf ɗin nan, ku yi haƙuri in na yi katsalandan. 'Yata a JS3 malaminsu ya koya musu in lamba ta tsallaka alamar daidai sai ta canja alama. Ta shiga SS1 sabon malami ya ce wannan shirme ne, ba abin da ke tsallakawa, abin da ka yi wa hagu shi za ka yi wa dama, har ya ce wa ya koya muku wannan a gaban aji. Yarinya ta dawo gida tana kuka ta ce ita yanzu ba ta san wa za ta bi ba. Makaranta ɗaya fa, ofis ɗaya suke zama. Don Allah ku riƙa magana da junanku.

Tsohon_HOD:
Hajiya ba katsalandan ba ne, kin fi mu gaskiya. Na biyun ya fi daidai a ilmance, na farkon gajeriyar hanya ce da ke aiki a tarawa da ɗebewa amma tana rikita yara in an zo ninkawa, sai ka ga 2x = 10 yaro ya rubuta x = 10 a kan -2 wai ta tsallaka ta canja alama. Amma kushe abokin aiki a gaban yara ya fi kuskuren muni. Daga ranar yaran sun daina yarda da su biyun.

SinCosTan:
Tunda an zo nan, wa ke da hanya mai kyau ta bayyana dalilin da ya sa ɗebewa sau ɗebewa ke ba da tarawa? Ni dai "maƙiyin maƙiyinka abokinka ne" nake ce musu.

Bazazzagiya:
Wannan haddar ce kawai Malam, ba dalili ba ne. Ni jeri nake rubuta musu: 3 sau -2 = -6, 2 sau -2 = -4, 1 sau -2 = -2, 0 sau -2 = 0, sai in tsaya in ce me kuka lura, su ce ana ƙara 2 kowane layi, to -1 sau -2 fa? Da kansu suke cewa 2.

Dan_Kantin_Kwari:
Ni da bashi nake yi, don yarana rabinsu suna zuwa kasuwa bayan an tashi. Mutum uku suna binka 200 kowanne, kana -600. Aka yafe maka bashin ukun, wato an cire -200 sau uku, ka ƙaru da 600 ko ba ka ƙaru ba? Yaron da ke ba da canjin dubu biyar da ka ba tare da kalkuleta ba, ba za ka ce min ba ya ja ba. Turancin tambayar ne ke kayar da shi.

Mai_Alli:
Kun ga abin da nake faɗa ko. Cikin minti goma na samu hanya biyu da ban taɓa gwadawa ba. Irin zaman Larabar ke nan.

Abu_Sadik:
Na ji, amma bari in faɗi nawa tsoron tunda an ce a faɗi gaskiya. "Za mu iya" ɗin nan akwai ta ƙarya. Na san makarantar kuɗi da malamanta suka fi kowa haɗin kai da ƙwarin gwiwa, duk shekara kowa kiredit a lissafi, ashe haɗin kan na ranar jarrabawa ne, ɗaya na warwarewa a ofis ɗaya na kaiwa ɗaya na tsaron ƙofa. Yaro ya fito da B3 ya je JAMB ya kasa haɗa 1/2 da 1/3, ya rubuta 2/5. To in da sakamakon WAEC za a auna, waɗannan su ne zakaru. Kuma akwai haɗin kai na kushe yara, a zauna a staf rum kowa na kawo labarin daƙiƙin ajinsa ana dariya, shi ma ai zama tare ne, kuma yana ƙara musu yarda cewa laifin ba nasu ba ne.

Lakcara_FCE:
Abu_Sadik wannan ta biyun da ka faɗa ita ce maganar da ta fi kowacce nauyi a zaren nan. Yarda a dunƙule tana iya zama ta "ba za a iya ba", kuma ita ma zama tare ke gina ta, sabon malami ya zo da zafinsa cikin zango biyu an sanyaya shi. Saboda haka tambayar ba a zauna ko kar a zauna ba ce, me aka ajiye a tsakiyar teburin. In takardun amsar yara ne a tsakiya, hira na komawa kan koyarwa. In babu komai, tana komawa kan albashi da halin yara.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Mu 'yan shekarun nan gwamnati ta sa duk manyan sakandare su riƙa zaman PLC, wato zaman malamai na ƙara wa juna sani, kowane mako, an ware masa lokaci a jadawali, akwai littafin da ake bi, ana ɗaukar sunan wanda ya zo, kuma yana shiga makin da ake nema wajen sabunta lasisin koyarwa. Amfaninsa shi ne ba ka roƙon kowa ya zo. Matsalarsa in an tara makaranta gaba ɗaya, mai koyar da Turanci da mai tarihi da mu, sai magana ta zama ta gaba ɗaya, yadda za a sa yara a rukuni, yadda za a yi tambaya. Duk da kyau, amma ba wanda zai taya ni warware yadda zan shigo da logaridim. Sai ranar da aka ce kowane sashe ya ware nake jin na ƙaru.

Malam_Foda:
Ba wanda ya ambaci aikin makin takardun WAEC, ni kuwa nan ne na fi ƙaruwa a rayuwata fiye da duk wata bita da aka taɓa kai ni otal aka ba ni alawus. Kwanakin kodineshan kafin a ba ka takardu, a zaunar da ku malaman lissafi daga makarantu daban daban, a bi makin sikim layi layi, a ba ku takardun gwaji iri ɗaya kowa ya maka, sannan a kwatanta. Nan za ka ga gardama, wannan M1 (makin hanya) ne ko ba M1 ba ne, in hanya ta ɓaci A (makin amsa) ta tafi, B1 kuma maki ce da ba ta dogara da hanya, ita kaɗai take tsayawa. Nan na gane yaranmu na zubar da maki a banza, ba sa rubuta digiri ko sentimita, suna gajarta lamba tun a tsakiyar aiki, suna tsallake matakai su rubuta amsa kawai. Da na dawo na zaunar da abokan aikina biyu muka yi irin wannan da takardun mok na SS3. Rahoton manyan masu makin WAEC ma yana nan a shafinsu kyauta, kusan duk shekara wuraren da suke kuka da su ba sa canjawa, jiyometiri na da'ira, tambayoyin da aka rubuta da zance, biyarin. Mu nawa ne muka taɓa zama muka karanta shi tare?

Kofa_Batch_B:
Wlh ban san ma akwai shi ba. Yanzu zan nema in netwok ya yarda.

Bazazzagiya:
Wai ina labarin SMASE ne, shirin nan na horar da malaman lissafi da kimiyya? Yayata ta yi, har yau tana maganar ASEI da PDSI, dabarun tsara darasi da aka koya musu.

Lakcara_FCE:
Daga Kenya aka faro shi a 1998 da tallafin hukumar JICA ta Japan, can na sakandare ne. Da ya zo Najeriya a 2006 sai aka fara da malaman firamare a jihohin Kaduna da Neja da Filato. Akwai kuma al'adar malaman Japan da suke kira jugyo kenkyu: a tsara darasi ɗaya tare, mutum ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a aji suna kallon yara ba malamin ba, me suka rubuta, a ina suka maƙale, sannan a zauna a gyara darasin. A Shanghai kuma malamin lissafi aji ɗaya ko biyu yake shiga a rana, sauran lokacin na duba aikin yara ne da zama da 'yan sashensa, har Ingila ta fara musayar malamai da su a 2014 don ta koyo. Ku kwatanta da ƙaninmu Kofa mai firiyod 30.

Abu_Sadik:
Yawwa. A ba ni aji biyu a rana ku ga haɗin kai. Ni ina tashi ƙarfe biyu nake kama Keke Napep har isha, in ba haka ba gidana ba a ɗora tukunya. Minti 40 na Laraba kuɗin cefane ne.

Tsohon_HOD:
Abu_Sadik ba wanda zai ga laifinka. Shi ya sa nake ce wa Mai_Alli kar ya sa zaman bayan an tashi. Ka je wurin mai tsara jadawali tun kafin zango ya fara, ka roƙe shi ya bar wa malaman lissafi firiyod ɗaya da duk ba su da aji a lokaci guda. Abu ne mai yiwuwa, na yi shi, goro kawai ya ci min. Kuma maganar shiga ajin juna a bi ta a hankali. Malamanmu in suka ga mutum a bayan aji da biro sun ɗauka rahoto zai kai, balle tun abin da ya faru a Kaduna a 2017 da aka yi wa malaman firamare jarrabawa aka sallami sama da dubu 21, kowa ya ɗauki darasi cewa nuna rauninka haɗari ne. Ka fara gayyatarsu naka ajin, ka ce su zo su ga inda yara ke ɓacewa. Kar ka rubuta komai da sunan kowa, kar firinsifal ya ji wane bai iya kaza ba daga bakinka. Rana ɗaya magana ta fita, an gama.

Malama_Jiyometiri:
Ina ta karantawa ban ce komai ba. Akwai abin da ku maza ba ku lura da shi. Ni kaɗai ce mace a sashenmu, mu biyar. In an zauna na kawo shawara sai a yi shiru a wuce, bayan minti biyar wani ya maimaita ta a ce Malam ya kawo magana. Kuma kullum JS1 ake ba ni wai mata sun fi haƙuri da yara, alhali ni ce mai digirin lissafi zalla a cikinsu. To su huɗun suna da "za mu iya" ɗinsu, ni ba na ciki. In za ka auna yardar sashe ka tambayi wanda ba ya magana a zaman.

Mai_Alli:
Malama na gode, wannan ya shige ni, don a sabon wurin akwai mata biyu kuma duk ƙananan azuzuwa suke. Zan duba rabon.

Dalibin_Mastas:
Malama don Allah zan iya tuntuɓarki ta inbox? Takardar tambayoyina matsakaicin makin sashe kawai take ɗauka, irin abin da kika faɗa ɓacewa zai yi a ciki.

Malama_Jiyometiri:
Ba damuwa, amma ba sunan makaranta.

SinCosTan:
Ni har yanzu ina kan bakana, zaman ne farko. Ba wanda ke tashi da ƙwarin gwiwa haka kawai.

Dan_Kantin_Kwari:
Ni kuma na ce ba zaman ba ne, nasarar farko ce. Mu abin da ya juya mu ƙaramin abu ne. Muka lura duk SS1 suna buɗe (a + b)² su rubuta a² + b², aji uku duka. Muka yarda mu ukun za mu zana murabba'i a allo mu raba shi gida huɗu su ga ab guda biyun da suke mantawa da idonsu, mako guda kowa ya yi a ajinsa, muka ba da tambaya biyar iri ɗaya ranar Juma'a. Da muka haɗa takardun muka ga yawancinsu sun daina, wallahi wani dattijo a cikinmu da kullum yake cewa yaran nan sai addu'a, shi ya fara cewa to saura indisis. Da mun zauna sau goma ba mu ga komai ya motsa ba da tuni an watse.

SinCosTan:
To ai sai da kuka zauna kuka lura.

Dan_Kantin_Kwari:
A bakin mai shayi muka lura hhh, ba a zama ba.

Abu_Sadik:
In da shayi a ciki ni ma zan zo. Mai_Alli ka sa a kasafin sashe.

Mai_Alli:
Sashen da ko kwalin alli sai mun yi karo-karo. Na dai rubuta: firiyod ɗaya a jadawali, in fara da nawa raunin, tofik ɗaya ƙarami, takardun yara a tebur, a sake duba rabon azuzuwa. Baba Tsohon_HOD saura ka faɗa min yadda zan yi da wanda ya girme ni da shekara 15 kuma shi ya so a ba HOD ɗin, don tun da na zo ko sallamata da ƙyar yake amsawa.

Tsohon_HOD:
Wannan ba ta guruf ba ce, kira ni bayan magariba. Amma kafin nan ka bincika min wane tofik ya fi kowa iyawa.

Kofa_Batch_B:
Na samu rahoton WAEC ɗin. Malama Bazazzagiya don Allah a sa ni a guruf ɗinku, na yi alkawari ba gaisuwar Juma'a. Kuma wa ke da hanyar koyar da furobabiliti ba tare da kati ko ludo ba? Iyayen yara a nan sun ce caca nake koya musu.